Tsohon da Ya Miƙe Ya Kira Abokina Baffa

A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗalibi ne a Alƙahira, ina zaune a unguwar Abbasiya cikin wani ɗan ɗaki da muke kira shaƙƙa, wato cikakken gida a bakin Misirawa, don mu ji daɗin bakinmu kawai. Na je da haddar Alƙur'ani da kuma taurin kai. Ina cikin mutanen nan da in sun karanta babi ɗaya sai su ɗauka an naɗa su alƙalan duniya, komai aka kawo sai na ce bidi'a ce ko jahiliyya. Edita, na rubuto ne don abin ya daɗe yana cin raina, kuma har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi.

A ajinmu akwai wani ɗan ƙasar Sin, Musulmi gaba da baya, yana zaune a unguwar Hay el-Sabi'. Mun shaƙu ne ta wajen sauraron haddar juna. Wata rana ya gaya mini cewa kakansa ya bar ƙauyensu yana ƙarami a wata shekarar yunwa, aka rene shi a birni mai nisa, har ya rasu bai tuna sunan ƙauyen ba. Abin da ya bar musu 'yan kalmomi ne a jere kamar baitin waƙa. Ya ce a wajensu gidaje da yawa suna da irin wannan baiti, kakannin farko ne suka tsara, kuma kowace kalma ta zuriya ɗaya ce. Kaka ya ɗauki ɗaya a cikin sunansa, 'ya'yansa su ɗauki mai bi mata, jikoki su ɗauki ta gaba. Duk wanda ya san baitin gidanku jininka ne, ko a ina ka gan shi. To nasu a tsakiya ya tsinke. Mahaifin abokina kuma ya manyanta, ba shi da buri sai ya taka ƙauyen nan da ƙafarsa, ya tsaya a kan kaburburan iyayen gidan ya yi musu addu'a. Abokina ya bi ta intanet, ya tambayi limaman garinsu, ya shiga zaurukan masu neman dangi, shiru.

Ni kuwa maimakon in taya shi, sai na hau mumbari. Na ce masa wannan alfahari da nasaba ne, ya riƙe sunansa na Musulunci ya huta. Sai ya yi murmushi ya ce ma'alish, wato ba komai, shi sada zumunta yake nema. Duk da haka kullum sai ya rera 'yan kalmomin nan, a bas, a layin burodi, a bakin masallaci. Ban san ma'anar ko ɗaya ba, amma kunnen mai hadda ba ya zubar da abin da ya sha ji, ga shi harshenmu ma yana da hawa da sauka kamar nasu. Baitin ya zauna a kaina ba da sona ba.

A wani lungu kusa da mu akwai gidan abincin wani tsoho ɗan ƙasar Sin, wanda ke jan taliya da hannu. Sai ya ɗauki curin kwaɓi ya wurga, ya ninka, ya wurga, kafin ka ƙifta ido ya zama zare. Na daɗe ina cin abinci a wurinsa, muna hira da gurɓataccen Larabcin Masar, amma ban taɓa sanin sunansa ba. Baba nake ce masa. A gidanmu ba a tambayar babba sunansa, kuma ko ka sani ba ka furtawa, ina kuwa alfahari da wannan tarbiyya.

Ranar nan na shiga sai na tarar ana rabon abinci kyauta, wai an yi wa Baba jika a can gida. Na yi barka, na tambayi wane suna za a sa. Ya yi dariya ya ce rabin sunan an zaɓe shi tun kafin a haifi kakan kakansa. Sai ya fara rero wasu kalmomi yana ƙirgawa da yatsunsa masu gari. Cokali ya tsaya a hannuna. Farkon baitin abokina ne, da hawansa da saukarsa, kuma da ya iso inda na abokina ke tsinkewa sai ya zarce abinsa.

Nan ne na yi kuskuren da nake nadama. Da na tambaye shi sunansa da na garinsu a take, da an gama. Kunya ta hana ni. Na kuma gaya wa kaina cewa wataƙila duk Sinawa sun san baitin, kamar waƙar gaɗa, kada in tayar wa mutum da hankali a banza. A can ƙasan zuciyata kuma ban so in koma wurin wanda na yi wa wa'azi in ce masa ga ƙofa ta buɗe. Jarrabawa ta zo, hutu ya wuce, watanni suka shuɗe ina zaune a kan maganar.

Sai ranar da abokina ya ce khalas, wato shi ke nan, zai tafi gida, ciwo ya kwantar da mahaifinsa, sannan na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya tambayi sunan tsohon kawai, na ce Baba. Kallon da ya yi mini ya fi mari zafi. Ya ce yalla, mu je, muka kama hanya.

Mun sami Baba yana jan taliya. Abokina ya yi sallama, ya faɗi cikakken sunansa na gida, wanda ni ban taɓa damuwa in riƙe ba. Kwaɓin ya sulale daga hannun tsohon. Abokina ya fara baitin, ya kai inda ya tsinke, tsohon ya ɗora har ƙarshe. Daga nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Dattijo mai furfura ya goge hannu, ya jawo kujerarsa, ya zaunar da saurayin da bai kai ɗansa ba, shi kuma ya tsaya a tsaye yana sunkuyar da kai. Na yi tsalle zan ba shi tawa kujerar, ya hana ni. Ya ce kalmar da ke cikin sunan yaron nan ta riga tasa zuwa a baitin, saboda haka a lissafin gidansu yaron ƙanin mahaifin tsohon ne, baffansa ne. Ya faɗi sunan ƙauyen, ya kwatanta masallacinsa da itacen magarya da ke bakin rijiya, ya ce har yanzu tsofaffi na ba da labarin wani yaro da yunwa ta raba da su. Na tsaya ina kallon ikon Allah. Mutanen da suka daɗe da zama ƙasa sun jera kalmomi, kalmomin suka ƙetare tekuna, suka haɗa jininsu a wani lungun Abbasiya a gaban Bahaushe.

An kira mahaifin abokina a waya, ya ji sunan ƙauyen, ya yi ta maimaitawa yana kuka. Amma ƙafar ta riga ta ƙi. A watannin da na yi shiru yana iya tafiya har kasuwa. Ya rasu bai taka garin ba, abokina ne ya je ya yi addu'ar a madadinsa, kuma har yau bai taɓa goranta mini ba.

Bayan rasuwar na kira kakata na tambaye ta sunan kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni. Ta yi salati, ta ce ba ta taɓa furta sunan mijinta ba, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Da ƙyar ta ce mai sunan Annabin da kifi ya haɗiye. Na ce to mahaifinsa fa, da garin da suka taso. Ta ce shi ma marigayin bai taɓa faɗin sunan ubansa ba, waɗanda suka sani kuma duk sun tafi.

Abin da na koya shi ne kunya ado ce, amma ba ta riƙe wa kowa tarihi, kuma ƙaramin ilimi yakan sa mutum ya haramta abin da bai fahimta ba. In ka ji abin da wani ke nema, kai masa a ranar, ko da kana shakka. In kuma kana da tsoho a gida, ka durƙusa da ladabi ka tambaye shi tun yana iya amsawa. Su baitinsu a tsakiya ya tsinke, aka samu mai ɗorawa. Nawa lissafin a kan kakana ya tsaya, kuma babu sauran wanda zan tambaya.