Baba Enoch da Eriyar da Ke Bin Ruwa

Duk mai sammako zuwa bakin ruwa a Yelwa ya san shi. Dogo ne siriri, da jakar kayan aiki a kafaɗa, da damin sandunan alminiyom ɗaure da tsohuwar roba. Kafin ya gaisa da kowa yakan tsaya ya dubi inda ruwa ya kwana, ko ya taɓa dutsen da mata ke wanki, ko ya ja baya ya bar laka. Sai ya gama wannan kallon sannan ya amsa gaisuwar masu kifi, ya sha kokonsa a tsaye, ya tambayi wane jirgi zai gangara Ngaski, wane ne zai haura Shanga. Sunansa Enoch, mutumin Wara ne, kuma ya fito makarantar koyon sana'a tun ba a haife ni ba. Aikinsa kafa eriyar talabijin da gyaranta a tungayen bakin tafkin Kainji. Ƙarshen watan nan zai ajiye aikin, domin gwiwoyinsa sun ƙi tsani. Ni kuwa ban yarda ya ajiye shiru ba.

Na san mutanen birni za su ce mene ne abin jinjina a ɗaura ƙarfe kan gora. Su ba su zauna bakin ruwa ba. A wurinmu hoton da tasha ta aiko sau biyu yake isowa: ɗaya kai tsaye ta iska, ɗaya kuma ya bugi fuskar tafki ya taso. In sun iso ƙafa ɗaya, hoto ya yi ƙarfi. In sun saɓa, sai su kashe juna, kamar matuƙa biyu a kwalekwale guda kowa na tuƙa nasa. Tsawon gora ne ke raba gardamar. To ruwan Kainji ba ya zama wuri ɗaya. Ya cika da damina, ya sake samun ƙari da sanyi, ya janye da bazara, kuma duk motsin da ya yi sai wurin da hoto ke zama ya motsa tare da shi. Shi ya sa Baba Enoch ke duba ruwa kafin ya duba mutane. Shekara da shekaru yana bin tafki tunga-tunga, yana ɗaga eriya yana saukewa.

Ni ɗiyar kurma ce, da ƙarfi nake faɗa. Sunana Yasira. Innata Lubabatu mai bandar kifi ce a Tungar Cindo, ba ta taɓa jin sauti ba tun haihuwarta. Babanmu ya rasu ina ƙarama, ni kaɗai ta haifa, don haka tun ban kai tsawon murhun banda ba, ni ce kunnenta. A kasuwa ni, a asibiti ni, in mai shela ya zagayo ni. Rediyon da kowane masunci ke ratayawa a wuya, a wurinta akwati ne kawai. Labarin ƙaruwar ruwa, labarin rigakafi, dokar jiragen ruwa, duk ta kunne suke shiga tunga, sai abin da na juya mata da hannu. An kira ni 'yar bebiya a makaranta har na daina juyawa. Na bar su da baki, na riƙe ta ɗaya a aji.

Tashar da muke kamawa tana da wata mata a kusurwar hoto da ke fassara labarai da hannu, kuma Inna ta yi 'yan shekaru a makarantar kurame tana yarinya, ta san wannan maganar. Sai dai a tsohon tsari hotonmu kamar an watsa masa gero yake, kana ganin mutum amma ba ka ganin yatsunsa. Da aka koma sabon tsari na dijital, Baba Enoch ne ya zo da dikoda, 'yar na'urar da ke kamo sabon hoton, ya haɗa mana da batirin sola. Ranar Inna ta matsa gaban akwatin talabijin har hancinta ya kusa taɓa gilashi, can sai ta yi dariya a kan wani abu da ban riga na gaya mata ba. Ranar ce kuma ta raɗa masa suna da hannu: ta miƙe wuya, ta ɗaga ƙafa ɗaya, wato Zalɓe. Da na fassara masa ya ce in gaya mata zalɓe ko ba komai kifi yake ci, don haka a miƙo banda.

Amma dijital bai san tsaka-tsaki ba. Ko hoto tar, ko ya daskare. Ruwa na motsawa sai ka ga hannun matar ya tsaya a sama, magana ta tsinke a rabi, sai an jira jirgin da zai kawo Baba Enoch.

Shekarar da na sami gurbin karatun injiniyan lantarki a jami'a, Kawu Ladan, yayan Inna, ya ce ba inda za ni. Ba mugunta ba ce, kuma ba ƙin boko ba ne, shi ya kai ni sakandare da kansa. Tsoronsa ɗaya: shi yana kan ruwa kwana da kwanaki, in aka yi shelar tashi ko wata annoba, wa zai gaya wa ƙanwarsa? Inna ta buga ƙirji ta nuna masa akwatin. Ya ce akwatin da ke suma duk sanda ya ga dama? In ya ga da idonsa tana samun labari ba tare da ni ba, zai sa hannu. In ba haka ba, in nemi karatun da zan kwana gida.

A wannan daminar ce kuma aka sauya wa tashar mita. Ga wanda bai sani ba, iskar da ke ɗauko hoto da magana rabe take layi-layi, kamar yadda masunta ke raba wuraren kamun kifi, kowa da nasa. A tsarin dijital layi ɗaya na ɗaukar tashoshi da yawa, kamar babban jirgi da fasinjoji, saboda haka aka matse talabijin zuwa layukan ƙasa, aka bar wa wayar hannu na sama. Abu ne mai kyau, yau ma da zan zaɓa haka zan zaɓa. Amma a Tungar Cindo abin da muka gani shi ne mun wayi gari akwati baƙi ƙirin. Maƙwabta da dama suka ce su dai tauraron ɗan'adam za su koma. Mu ba mu da wannan mafita, domin matar da Inna ke fahimta a tashar nan kaɗai take.

Baba Enoch ya kira injiniyoyin tashar, suka ba shi sabuwar lamba, suka gaya masa sandunan eriya sai sun ƙara tsawo. Ya yanka sababbi ya zo ya kafa. Hoto ya dawo. Bayan 'yan kwanaki ruwa ya ƙaru, hoto ya tafi. Ya dawo ya ɗaga, ruwa ya sake ƙaruwa. Lokacin iska ne, matuƙa da yawa ba sa son tsallakawa, shi kuwa sai ka hango shi tsugune a gaban jirgin kifi, ya lulluɓe jakarsa da leda ya bar kansa a ruwa. Mata a bakin gaɓa suna cewa duk wannan wahala saboda kurma guda. Ya ji, bai tanka ba. Ni na tanka, har aka kai ƙarata wurin Kawu.

Duk yaron bakin ruwa ya san yadda ake saita eriya. Mutum ɗaya a waje yana riƙe da gora, ɗaya a ɗaki yana ihu: ya zo, ya tafi, koma kaɗan. Ni ce mai ihun gidanmu. Wata rana ina cikin yi sai na ji shiru. Na leƙo na tarar Baba Enoch ya sauko ya zauna a gindin tsani yana murza gwiwa.

Ya ce, "Ɗiyata, aikin banza nake yi."

Na ɗauka ya gaji da mu ne.

Ya ce, "In kin tafi, ko wani ya riƙe mata gorar, wa zai yi ihun? Ita ma in ta riƙe, ihun wa za ta ji?"

Bai sake hawa ba ranar. Ya shiga ɗaki ya daɗe yana kallon taga, yana kallon inda Inna ke zama. Da ya dawo, da ƙarfe mai kusurwa huɗu ya zo maimakon gora, don eriya ta riƙa zamewa sama da ƙasa ba tare da ta juya fuska ba, da tsohon wilin keken yara da ya cire wa taya ya kafa a can ƙoli. Igiya za ta bi ta kwarin wilin, ta shigo ta taga, ta sauka daidai hannun Inna. Ta ja igiyar da ya kawo sau ɗaya ta jefar, ta nuna masa ba za ta ga ƙarshen damina ba, ta ɗauko igiyar taru. Ya ce in gaya mata ya karɓi gyara. Da 'yar maganar hannun da ya tsinta, wadda Inna ke cewa ta fi kama da korar ƙuda, ya nuna mata layin da ke allon talabijin mai nuna ƙarfin hoto: ki ja a hankali, idonki kan layin, inda ya fi tsawo ki ɗaure.

Na farko bai yi ba. Hawa da sauka ya cinye wayar eriya, sannan wata iska ta kayar da ƙarfen gaba ɗaya, ta haɗa da dangar Kawu. Ranar rufe rajista tana matsowa, akwatin kayana yana buɗe ban sa komai ba. Baba Enoch ya dawo da gwiwa kumbure, ɗaure da tsumma. Kawu ya tsaya a kansa ya ce, "Enoch, ka tsufa kana kokawa da iska, ga shi ka ci mini danga." Ya amsa cewa dangar dama jiran dalili take, in Ladan ya gama surutu ya zo ya riƙe tsani. Kawu ya yi tsaki, ya riƙe tsanin. Suka zuba siminti a gindin ƙarfen, aka sa waya mai laushi da rara.

Mako ya zagayo, ruwa ya sake hawa. Baba Enoch ya zo bai taɓa komai ba, ya aika a kira Kawu lokacin labaran bayan la'asar. Aka kunna, hannun matar a daskare. Na yunƙura zan kama igiyar, ya tare ni da hannu, ya kuma kashe sautin talabijin ɗin. Inna ta kwance igiyar. Ta ja, layin ya ragu. Ta sassauta, ya ƙaru, ta ƙara sassautawa, sai ga hannun ya motsa. Ta ɗaure, ta gyara zama. Tun da nake, ranar ce ta fara kallon labarai daga farko har ƙarshe ba ta waiwayo ni ba ko sau ɗaya.

Can ta juya ga Kawu, ta gaya masa da irin maganar da suka tashi da ita tun suna yara cewa ruwa na tafe da yawa, an ce masu banda a gangare su kwashe su hau tudu, kuma murhunsa ne na farko da ruwan zai ci. Baba Enoch ya mayar da sauti daidai ana maimaita kanun labarai. Abin da ta faɗa, shi mai karatu ya faɗa. Kawu ya daɗe yana kallon ƙanwarsa, sannan ya ce da ni ba tare da ya dube ni ba, "Ke kuma mi kike jira? Tashi ki haɗa kayanki."

Na tafi. A ajinmu mata ba mu cika hannu ɗaya ba, an ce ba zan kai shekara ta biyu ba, na kai ƙarshe, na fito da sakamakon da ba na sunkuyar da kai in an tambaya. Duk tsawon shekarun ban taɓa barin jarrabawa na ruga gida don wani labari ya wuce Inna ba. Baba Enoch kuwa ya kai igiyar nan tungaye har cikin Shanga, ga tsofaffi, ga matan da mazansu ke kwana kan ruwa, yana sane cewa duk gidan da ya kafa wa ita ya rage kiransa. A Tungar Cindo yanzu in hoto ya daskare, maƙwabta leƙowa suke su ga inda eriyar Lubabatu ta tsaya, su daidaita tasu.

Baba, kai ne ka zauna a gindin tsani ka yi tunanin ranar da ba ka nan. Kai ne ka tsallaka tafki cikin iska saboda mace ɗaya da ba za ta taɓa jin muryarka ba. Ba ɗan'uwanmu ba ne kai, ba wurin ibada ɗaya muke zuwa ba, amma ba ka taɓa wuce ƙofarmu ba ka leƙo ba. Dogo mai bin ruwa, na gode. Allah Ya sanyaya maka gwiwoyin nan, Ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu yadda ka tsaya mana.

'Yan'uwana masu wannan sana'a, da mu da muka shigo ta da takarda, in mun je gida kafa wani abu, mu dubi wanda zai zauna da shi bayan mun tafi, mu tambayi me yake iyawa da me ba ya iyawa. Masu raba layukan iska, duk ranar da za ku sauya mita, ku aiko da labari bakin ruwa tun da wuri, kuma ku ƙara wa mai fassara da hannu girma a hoto. Masu kallonta suna nan, mun fi yadda kuke zato yawa.

Da na gaya wa Inna zan rubuta wannan, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ta goge hannunta a zane, domin ba ta magana da hannu mai maiƙon kifi, ta yi motsi uku kacal. Ga su nan, Baba, yadda ta faɗa: "Ya zauna. Ya huta. Na iya."