Ranar da Barira ta bar mahaifinta ya ɗauki buhu

Wata rana, cikin daminar da ta wuce, wata baiwar Allah mai suna Barira ta ɗauki mahaifinta suka tafi hutu birnin Da Nang na ƙasar Biyetnam, can bakin teku.

Sunan tafiyar hutu, amma ita magani take nema.

Tun da mahaifiyarta ta rasu, mahaifin nata, Alhaji Sallau, ya koma kamar ba shi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kasuwar hatsi ta Malumfashi, wanda in yana ciniki sai an ji muryarsa daga bakin titi, ya dawo sai gyaɗa kai.

Bai yi kuka ranar jana'iza ba. Bai ƙara ambaton matar ba. Abinci sai dai ya taɓa ya ture.

Likita ya duba ya ce babu ciwo, amma rigunansa sai ƙara yi masa yawa suke.

Barira tana koyarwa a Malesiya, kullum in suka yi waya sai ta ga ya ƙara zabgewa. Tsoro ya kama ta. Ta rasa uwa, ga uban ma yana sulalewa tana kallo.

To kun dai san mu da ladabi. 'Ya'yan suka taru suka hana shi komai. Rumfar kasuwa aka miƙa wa ɗansa. In ya ɗauki buta, wani ya karɓe. In ya sunkuya zai gyara takalmi, jika ya riga shi. Magana ɗaya ce daga safe har yamma: Baba ka huta.

Ita ma Barira haka ta ci gaba da yi a can. Ko 'yar ledar maganinsa ba ta yarda ya riƙe.

Ta kai shi bakin teku, ya kalla ya ce madalla. Ta kai shi kasuwa, ya kalla ya ce madalla. Ta sayo masa kifi mai rai da lafiya, ya ce ya ƙoshi.

Ana cikin haka sai gari ya fara canzawa.

Aka yi sanarwa cewa mahaukaciyar guguwar nan ta teku, wadda suke kira taifun, ta nufo birnin. Jirage suka daina tashi. Masunta suka janye kwale-kwalensu zuwa tudu. Shaguna suka fara rufewa, ana ta buga katako a tagogi.

Barira ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ta ɗauko tsoho daga gidansa don ya sami sauƙi, ga shi ta kawo shi bakin halaka.

Masaukinsu wani ƙaramin gida ne na wata tsohuwa 'yar garin, gajeriya, mai saurin tafiya da saurin faɗa. Ita ma mijinta ya rasu, hotonsa na rataye a falo. Ba ta jin Hausa, Turancinta kuma bai fi na gaisuwa ba.

A unguwar, in guguwa za ta zo, buhunan yashi suke cikawa su jera a kan rufin kwano don kada iska ta yaye shi. Maƙwabta sun yi alkawarin hawa su jera mata, amma cikawa da ɗaurewa nata ne.

Da hantsi Alhaji ya fito tsakar gida ya tsaya yana kallonta. Tana zuba yashi, buhu na kifewa. Ta ɗaure baki, ya kwance.

Tsohuwar ta ɗago ta ga namiji tsaye hannu a baya. Ita ina ruwanta da wani Alhaji? Ta cusa masa igiya a hannu, ta nuna buhunan, ta yi masa wata magana da yarensu wadda ko ba fassara ka san faɗa ce.

Barira ta leƙo ta taga, ta ga mahaifinta ya naɗe hannun riga ya rungumi buhu. Ta fito a guje ko takalmi babu.

"Subhanallahi! Baba kawo, kawo in ɗauka. Ina raye za ka ɗauki buhu?"

Bai saki ba. Ya dube ta, ya ce:

"Barira, uwarku ce ta rasu, ba ni ba. Ku bar ni in taɓa wani abu da hannuna."

Hannunta ya saki buhun da kansa.

Ta ja da baya ta tsaya jikin bango, kunya da tausayi suka rufe ta. Wata da watanni suna yi masa hidima, ashe babu wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake so.

Jama'a, ku zo ku ga aiki!

Tsohon nan ya murɗe bakin buhu, ya zaga igiya, ya ja, ya tura gefe. Ya jawo wani. Har da nuna wa tsohuwar cewa ta cika zuba yashi, ta rage. Ita kuma ta harare shi ta ƙara. Suka yi ta musu, shi da Hausa, ita da yarenta, kowa na ganin shi ne da gaskiya.

Kafin la'asar maƙwabta sun jera buhunan, rufin ya dannu. Sai ga iska.

Ba irin hadarinmu ba ne da zai taso daga gabas ya zuba ya wuce. Wannan kuka take kamar za ta tsaga bango, ruwa na dukan ƙofa ta gefe. Aka ɗauke wuta. Wannan kam bai dame su ba, sun saba.

Su uku suka zauna a kicin, inda babu taga. Kwano na ƙara a sama, yana ɗagawa yana komawa, amma bai tashi ba.

Tsohuwar ta zubo shinkafa da kifi ta dangwara a gaban Alhaji, ba lallashi ba komai.

Ya yi bisimilla ya ci. Ya cinye tas, ya miƙa kwanon aka ƙara masa.

Barira ta kawar da kai don kada ya ga idonta.

Can aka yi wata tsawa mai ƙarfi, sai ta ji ya yi 'yar dariya. Ya fara ba ta labarin yadda mahaifiyarta take tsoron tsawa, amma ba ta taɓa yarda ta faɗa ba. Da an fara, sai ta shigo ɗakinsa ta ce wai ta zo duba ko rufi na yoyo. Shekara da shekaru tana duba rufin nan, shi kuma bai taɓa tona mata asiri ba.

Bai kai ƙarshen labarin ba muryarsa ta karye.

Ya yi kuka sosai, irin wanda ya daɗe yana binsa. Barira ba ta ce ya yi haƙuri ba, ta dai matso ta zauna kusa da shi. Tsohuwar ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma ita ma ta kama bakin rigarta tana share ido.

Da ya natsu ya goge fuska da hularsa, ya saurari iskar, ya ce gobe titin nan zai cika da rassan itace, ta tashe shi da wuri.

Ta ce, to Baba.

Darasi: Ladabi abu ne mai kyau, amma in ka karɓe komai daga hannun tsoho, har dalilin tashinsa da safe ka karɓe. Iyayenmu ba hutu kawai suke buƙata ba, suna so su ji har yanzu ana buƙatarsu. Ka nemi shawararsu. Ka bar musu wani aiki, ko da kai ka fi su saurin yi.

In kana da tsoho a gida da kuka zaunar da shi don ƙauna, tura wa 'yan'uwanka wannan ku yi magana yau. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa na raye lafiya.