Neman Ruɓaɓɓiyar Gyaɗa a Ƙasar Funtuwa

Litinin: Zariya zuwa Funtuwa

Ƙarfe biyar da kwata na asuba muka bar Zariya, ni da Malam Ndagi, direban motar asibitinmu. Shekaru kaɗan ke nan da samun 'yancin kai, ni kuma ban cika shekara biyu da zama likita ba. A bayan mota akwai akwatin katako cike da wankakkun kwalabe, kowace da lambarta.

Abin da ya fito da mu shi ne ciwon dajin hanta. Muna yawan ganinsa a jikin manoma majiya ƙarfi: mutum ya zo da ciki a kumbure, kafin wata uku an yi jana'izarsa. Sai labari ya zo daga Turai cewa gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba mai cin hanta, har ta kashe musu talotalo da yawa. Babban likitanmu ya ce in shiga ƙasar gyaɗa in ɗebo ta rumbu-rumbu a auna.

Malam Ndagi Banufe ne, ni kuwa asalina Bakatsine, don haka tun kafin mu fita gari aka fara tsokanar juna.

"Wato saboda talotalon Bature aka tashe ni da asuba?" in ji shi. "Da aka rasa wanda za a tura barar gyaɗa, sai aka tuna akwai Bakatsine a asibiti."

"Kai dai riƙe sitiyari da kyau," na ce. "Wannan ba kwalekwale ba ne."

A Giwa, wajen shida da rabi, wani ɗan doka ya tsayar da mu. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga kwalba yana shinshinawa, ya ce ko ta giya ce.

"A'a, Sajan," in ji Ndagi da ladabi, "bayan gidan marasa lafiya muke zubawa a ciki."

Bawan Allah ya ajiye kwalbar a hankali, ya ɗaga mana hannu daga nesa.

Mun shiga Funtuwa kafin ƙarfe takwas, tafiyar mil arba'in da 'yan kai. Muka karya da koko da ƙosai a rumfar wata Bayarabiya kusa da tasha, wadda Hausarta ta fi tawa zaƙi. Daga nan na wuce wurin awon gyaɗa. Da suka gan ni da farar riga da littafi, sai suka ɗauka mai duba amfanin gona ne. Duk wanda na roƙa sai ya zura hannu ya zaɓo mini manya-manya, jajaye, masu ƙyalli. Na ce mai fumfuna nake so. Suka ce subhanallahi, su ba su taɓa ganin irinta ba. Muka kwana a gidan wani malamin asibiti da muka yi makaranta tare.

Talata: ƙauyukan hanyar Dandume

Rumbu goma sha ɗaya na leƙa a ranar, duk labarin ɗaya ne. Wani dattijo har sai da ya hura gyaɗar ya goge ta da bakin rigarsa kafin ya miƙo mini. Da yamma na duba kwalabena, kowace kamar za a kai ta baje koli. Ndagi ya ce in haka ake bincike, shi ma a ba shi farar riga.

Laraba: Tsiga

Ƙarfe bakwai muka tashi, muka bi ta Bakori, sannan muka saki babbar hanya. Tara saura muka isa Tsiga, garin mahaifiyata, inda kakata take zaune a gidan ɗanta, Kawu Sule.

Na same ta a tsakar gida tana murza tunkuza. Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wa nake ji kamar mijin nan nawa da ya gudu ya bar ni ba cefane?"

"Ni ne, tsohuwa. Na zo in ga ko kin yi haƙora in mayar da ke."

Bayan an sha ruwa na ba ta labarin wahalata. Ta yi dariya har da share hawaye.

"Shekara nawa ka yi kana karatu, Garba? Wa ya ce maka ana kai mummuna wurin awo? Mai kyau ta Bature ce. Wadda aka tsince, ita ce tamu."

Ta jawo wata ƙwarya daga ƙarƙashin rumbu. Ga ta nan, abin da na yi kwana biyu ina nema: ƙanƙanannu, baƙaƙe, wasu da kore-kore a ciki. Ta ce ita ake soyawa a matse mai, a yi ƙuli-ƙuli, a zuba a miya. In an sa barkono da gishiri, ɗacin ba ya fitowa.

"Tun yaushe ake haka, Kaka?"

"Tun kafin a haifi uwarka."

Ita ta ja ni gida-gida, tana shiga tana cewa a ba mijinta tsintacciya, ya zama mabaraci. Mata na ta dariya suna ɗebowa. Kafin azahar na cika kwalba ashirin, shida daga ciki ƙuli-ƙuli ne.

Da la'asar Kawu Sule ya dawo daga masallaci. Na san shi ƙato, mai ɗaukar buhu shi kaɗai. Yanzu wuya ya zama siriri, ciki ya turo riga.

"Kada ka kalle ni haka, ɗana," ya ce. "Tumbin masu kuɗi ne ya riga kuɗin isowa."

Na sa ya kwanta a tabarma, na danna ƙasan haƙarƙarinsa na dama. Hannuna ya sauka a kan abu mai tauri, gudaji-gudaji, irin wanda na saba ji a Zariya a jikin mutanen da ban san sunan 'ya'yansu ba. Kaka tana tsaye tana kallon fuskata. Wannan karon ba ta tsokane ni ba.

Alhamis: Malumfashi

Da hantsi muka ɗauki Kawu, Ndagi yana lallaɓa mota a kan kowane rami. Sha ɗaya muka isa asibitin Malumfashi. Likitan wurin ya duba, ya kalle ni, ya rubuta maganin rage ciwo kawai.

A ƙarƙashin wata bishiyar maina Kawu ya ce, "Garba, zan ga damina?"

"Allah ne masani, Kawu. Amma in akwai abin da kake son gyarawa, ka gyara."

Ya ce, "To, madalla da ba ka yi mini ƙarya ba. Mayar da ni gida, ban gama ɓarar gyaɗata ba."

Da na buɗe bayan mota in gyara masa wurin jingina, sai na ga kwalba uku na ƙuli-ƙuli fayau. Na waiwaya. Malam Ndagi yana sakace yana kallon sama. Kawu ne ya fara ganewa, ya yi dariya har yana riƙe ciki, ya ce, "Banufe ya cinye binciken gwamnati!"

"Malam Ndagi," na ce da murya ƙasa-ƙasa, "ka san abin da ya kashe talotalon nan?"

Tsinken sakace ya faɗi. Na ciro igiyar awo na zagaya cikinsa, na rubuta a littafi, na girgiza kai. Kawu ya taya ni da salati. Da muka sauke shi a Tsiga na sake aunawa, Kaka tana tambayar Ndagi ko yana da wasiyya.

Juma'a: komawa gida

Mun baro Tsiga bayan sallar asuba. A Bakori na auna cikin Ndagi, a Funtuwa na sake. Bai ci ƙosai ba. Sai da na ga idonsa ya yi ja sannan na faɗa masa gaskiya: in ma zarginmu ya tabbata, ba cin kwana ɗaya ke kawo ciwon ba, sai an yi shekara da shekaru ana ci. Ya ci gaba da tuƙinsa.

Mil biyu kafin Giwa mota ta mutu. Ya ce sai an tura. Na tuɓe farar riga, na tura cikin rana har numfashina na fita da ƙyar. Da na leƙo in ce masa na gaji, sai na ga makullin a hannunsa yana kaɗawa.

"Ina auna ƙarfin Bakatsine ne, Likita," ya ce. "Rubuta a littafinka."

Mun shiga Zariya ana kiran sallar Juma'a. Na miƙa kwalabe a asibiti, na wuce gida. Inna, mahaifiyata, ta tare ni a zaure tana tambayar mutanen Tsiga ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan ƙanenta na sunkuyar da kai. Ta shiga ɗaki ta fara ɗaure kayanta. Washegari Malam Ndagi, duk da ba ranar aikinsa ba ce, ya raka ta tasha ya sa ta a motar wani amininsa har ƙofar gida. Ta yi jinyar Kawu wata biyu da kwanaki. Bai ga damina ba. Allah ya jiƙansa.

Har yau ba zan iya rantsuwa cewa gyaɗar ce kaɗai ta kashe shi ba, domin daga baya mun fahimci akwai ciwon shawara da ke haɗa hannu da ita. Amma sauran shekarun aikina duk a kan wannan tambaya suka ƙare, daga tsakar gida zuwa tsakar gida, ina roƙon mata su shanya gyaɗa ta bushe sosai, su zubar da tsintacciya.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa matan Tsiga da Malam Ndagi. Kaka kuwa har ta bar duniya tana gaya wa duk baƙon da ya shigo cewa ita ta koya wa likita aiki, kuma ko goro bai ba ta ba. Rabin farko gaskiya ne.