Sista Dije Ta Tafi Ba Ta Faɗa Min Wanda Mariya Ta Aura Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina shan koko da safen nan waya ta yi ƙara. Saudatu ce daga Birnin Kudu, babbar 'yar Sista Dije. Ta ce Inna ta cika bayan sallar asuba. Kofin yana nan inda na ajiye shi har yanzu.

Yawancinku Hajiya Dije marubuciya kuka sani, mai littattafan soyayyar da kuka riƙa ɓoyewa a ƙarƙashin filo kuna 'yan mata. Ni kuwa da sirinji a hannu na fara saninta, tun ba a buga mata ko shafi ɗaya ba.

Zamanin da kuɗin mai ya shigo ne, kowa na sayen rediyo da babur. Ni ina Maruta, shekarata biyu da aure, tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Na rame har zobena yana zamewa daga yatsa. Maigidana, Malam Idi, ya sa ni a motar kasuwar Gwaram ya kawo ni asibitin Birnin Kudu. Aka ce tarin fuka ne, allura kullum har wata uku, bayan nan ƙwayoyi na wata da watanni. Ya bar ni a gidan goggona da ke cikin gari.

Sati uku na yi na ji ƙarfi. Tari ya lafa, cinyoyina duk sun yi tsami, ga damina ta kama, ga gyaɗata a gona. Na ɗaure kayana na ce gobe sai Maruta. Da bakina na faɗa wa Sista, don ni ban iya ɓoye magana ba.

Na zaci faɗa za ta yi. Ta dai ce yawancin waɗanda suka gudu a sati na uku, in an dawo da su ba da ƙafarsu suke shigowa ba. Da ta ga maganar ba ta shige ni ba, sai ta zaro wani littafin rubutu na 'yan makaranta daga aljihun farar rigarta, ta ce in zauna allurar ta bi jiki, ta karanta min wani abu.

Labarin wata Mariya ce mai ɗinki. Samarinta biyu: malamin gona mai keke, wanda kunya ba ta barinsa ya haɗa kalma uku a gabanta, da direban babbar mota da ke aiko mata wasiƙa daga Ikko. Ana tsakiyar daɗi, direba ya sauka a tasha da akwati, sai ta rufe littafin.

Na ce, "Sai me ya faru?"

Ta ce, "Gobe, bayan allura."

Duk wanda ya san ni ya san ba na iya kwana da rabin zance. Na koma gidan Goggo na kwance kayana.

Haka muka yi ta yi. Allura, shafi biyu, a rufe littafi. Kafin wata ya ƙare mun zama mu biyar a kan bencin nan, har da wata tsohuwa daga Kwandiko da ba ta da haƙori ko ɗaya amma ta fi kowa tsanar direban. Ranar da Sista take hutu, ta kan bar shafukan wurin abokiyar aikinta da sharaɗin ba allura, ba karatu.

Abin da ya riƙa ɗaure min kai shi ne, yaushe matar nan take rubutu? 'Ya'yanta biyar a lokacin, na goye ana kawo mata shi ta ba shi nono a bayan ɗakin magani. Surukarta a gidan take, ba ta gani sosai. Maigidanta malamin firamare ne, kuma ba ya cin tuwon da ba hannunta ya tuƙa ba. Na tambaye ta ya fi a ƙirga. Dariya kawai take yi ta ce in juya ɗaya cinyar.

Ranar allurar ƙarshe na ce to, yau dai a faɗa min wanda Mariya ta aura. Ta ce saura ƙwayoyi, in riƙa zuwa karɓa duk wata, za a ci gaba. Na zo, na zo, har na shanye, Mariya tana nan tana ruwan ido. Ranar da likita ya ce huhuna ya washe Sista ta tafi kwas Kano. Kafin ta dawo Malam Idi ya samu aiki a kamfanin masu yin titi, muka tashi zuwa Kaduna.

Da littattafanta suka fara fitowa bayan shekaru, duk wanda na gani a kasuwa sai na saya. Ina buɗewa ina neman Mariya. Babu ita a ko ɗaya.

Wata biyu da suka wuce biki ya kai ni Gwaram, na ce wallahi sai na biya Birnin Kudu wurin Sista Dije. Na same ta a kan tabarma a tsakar gida, ta tsufa ƙwarai, amma ina faɗin Maruta ta ce, "Asabe mai gyaɗa."

Ko ruwa ban gama sha ba na jefa tambayata. Ta sa Saudatu ta ɗauko wata tsohuwar adaka. Littattafan rubutu ne cike, kowanne da suna a bango. Ga nawa, ga na wani mai ciwon ƙafa, ga na wata da aka hana tashi daga gado saboda ciki. Na buɗe nawa. Gefen shafukan duk ɗigon manja da miyar kuka, rubutun kuma ya tsaya a tsakiyar shafi.

Saudatu ta leƙo ta ga sunan, ta riƙe baki. Ta ce ashe ni ce na sa suka ci tuwo mai ƙauri damina guda. Wai a bakin murhu Inna take rubutawa, littafi a cinya, muciya a hannun hagu. Babansu ya yi ta mita, amma shi ke fere mata fensir, kuma a ɓoye yake tambaya ko malamin gonar ya samu bakin magana.

Na ce me ya sa ba a buga wannan ba. Sista ta ce, "Wannan ai ba na kasuwa ba ne, na allura ne."

Na ce to wa ta aura? Maimakon amsa sai ta kama hannuna ta danna yatsu biyu a wuyansa, ta dubi ƙafafuna da suka kumbura. Ta tambaye ni yaushe rabona da maganin hawan jini. Na fara kame-kame, don gaskiya sai kaina ya sara nake sha.

Ta ce, "Na san wanda ta aura. Ki sha maganinki kullum, ki dawo bayan wata biyu da katin awonki, in faɗa miki."

Na yi dariya har da hawaye. Ni da jikoki goma sha ɗaya, a sake yi min wayon da aka yi min ina 'yar sha tara. Kuma ya sake ci na. Tun ranar ban tsallake ko sau ɗaya ba. Katin yana jakata, ran Asabar mai zuwa na shirya tafiya.

Na tambayi Saudatu ɗazu ko Sista ta bar wani saƙo a kan Mariya. Ta ce babu. Abin da dai Inna ta tambaya shekaranjiya shi ne ko Asabe tana shan maganinta.

Na yi kuka sosai. Da na share hawaye na tashi na ɗauko ƙwayar yau na haɗiya.

Allah ya jiƙan Sista Dije, ya yafe mata kurakuranta, ya haskaka kabarinta, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarta. Yadda ta yi ta jan mu da dabara har muka warke, Allah ya saka mata da abin da ya fi. Ya ba Saudatu da ƙannenta haƙurin rashi.

Don Allah duk wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, ko da bai santa ba. In kuma akwai maganin da aka ba ka ka ajiye, ka tashi ka sha.