Sallamar Mushe Lawali

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma har gobe ban manta da ranar da Mushe Lawali (mu nan malami namiji Mushe muke ce masa) ya yi wa kwamfuta sallama ba. Ku da kuka zo daga baya kun tarar da karatu ta intanet ya zauna daram. Ba ku san ya kusa raba mu da babban malaminmu ba.

Kwalejinmu ta nan Matameye ma'aikatan lafiya na karkara take horarwa. Da yawa cikin ɗalibanmu suna bakin aiki a ƙananan ɗakunan shan magani na Dungu da Tsauni da ƙauyukan Kance, kuma in damina ta sauka hanya takan hana su zuwa. Sai aka yanke shawarar malami ya zauna gaban kwamfuta a nan, su kuma su bi darasi ta wayoyinsu. Ni aka tura Damagaram in koyo, in dawo in koya wa sauran malamai. A motar dawowa har lumshe ido nake, ina hango kowane ɗalibi a inuwar bishiyarsa, ilimi yana sauko masa kamar yayyafi.

Da aka fara horon, zama ya gagare ni. In kuran, wato wutar lantarki, bai ɗauke ba, rezon intanet ya gudu. Ina daga wannan tebur zuwa wancan, abinci ma a tsaye nake ci. Madam Hadiza ta mai da kamara madubin gyara kallabi. Mushe Idi kuwa sai ya lashi yatsa kafin ya shafa allon na'ura.

"Mushe Idi, ba fa takarda ba ce!" in ji Madam Hadiza.

"Gara ni. Ke tun safe kike kallon kanki, har yanzu ba ki ga abin da muke haƙuri da shi ba."

Mushe Lawali shi ne babba a cikinmu. Shi ya koya mini ilimin jikin ɗan Adam ina ɗaliba, kuma ya kusa ajiye aiki. Bai yi gardama ba, ya koyi duk abin da na nuna masa. Direkta ya riga ya faɗa a taro cewa duk wanda ya kasa, wani za a ba darasinsa.

Akwai ƙa'idar da aka koya mana a Damagaram: kafin malami ya fara, a rufe mikron duk ɗalibai, wato abin ɗaukar muryarsu, don surutu yana nauyaya rezo. Mai tambaya ya rubuta a gefen allo. Haka na shirya ranar wata Talata da hantsi, ranar darasinsa na farko, direkta yana tsaye bayanmu.

Mushe Lawali ya gyara zaman hularsa, ya dubi sunayen da suka jeru a allo.

"Assalamu alaikum."

Shiru. Ya ɗan karkata kunne, ya sake yi. Shiru. Ya yi ta uku da ƙarfi, kamar wanda ke tsaye a zaure. Sai ya rufe littafinsa ya miƙe.

"Ba kowa a gidan nan," ya ce.

"Mushe, ga shi suna amsawa a rubuce!" Na nuna masa gefen allo.

"Da yatsa? Rakiya, ni ba a yi mini haka."

Ya fita. Direkta ya bi shi da ido, sannan ya juyo gare ni. "Madam, in bai zauna a kujerar nan ranar Alhamis ba, zan kira wani daga Damagaram. Ba zan bar aji a buɗe ba."

Wunin nan ban san me na yi ba. Na buɗe kwamfuta na rufe, na leƙa ofishinsa, na dawo. Bayan la'asar na hau kabu-kabu sai gidansa. Na same shi a kan tabarma yana gyaran rediyo.

"Baba, wallahi ba raini ba ne. Na'ura ce ta rufe musu baki."

"Na sani, 'yata. Fushin ya wuce tun a hanya." Ya ajiye rediyon. "Amma ni da amsar sallama nake auna aji. A nan nake jin wanda bai karya ba, da wadda ta yi kuka kafin ta fito, da wanda bai duba darasin jiya ba. In ban ji wannan ba, daga ina zan fara? Ku ba yaro darasin kawai. Ni na tsufa da yi wa bango magana."

Na ce ya ba ni zuwa jibi.

Washegari na tare direkta a bakin ofishinsa, na ce a bar ni in buɗe mikro a farkon darasi.

"In rezo ya faɗi fa?"

"Ya faɗi, Mushe direkta. Ai yana faɗuwa ko ba mu taɓa shi ba."

Ya yi tsaki, ya ce in yi, amma a wuyana.

Ranar Alhamis hadari ya haɗo. Ina ta leƙen ƙofa har na hango farar hularsa. Ya zauna bai dube ni ba. Na buɗe mikron kowa.

"Assalamu alaikum."

Sai ga amsa tana zuwa a rarrabe, wata a gaba wata a baya, wata tana yankewa. Zakara ya yi cara daga Dungu. Wani jariri ya tsala ihu. Ruwa yana dukan kwanon rufi a wani ƙauye. Mushe Lawali ya lumshe ido yana saurare.

"Mariyama ta Tsauni, wannan muryar fa? Kwana kika yi a ɗakin haihuwa?"

"Wallahi kuwa, Mushe. Tagwaye ne."

"Barka. To yau da ke za mu fara, kafin barci ya ɗauke ki."

Rezon ya faɗi kuwa, kusan rabin ajin suka ɓace, sai a hankali suka riƙa dawowa. Direkta ya harare ni, amma bai kira kowa daga Damagaram ba. Mushe Lawali ya riƙe darasinsa har ya ajiye aiki da kansa.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu ba sa karɓar karatu daga wanda ba su gaisa da shi ba, malamanmu kuma ba sa iya ba da shi ga wanda ba su ji muryarsa ba. Don haka in an turo ku horar da malamai, kafin ku nuna musu inda ake rufe bakin ɗalibai, ku fara nuna musu inda ake buɗe shi.