Wanda Baba Ya Zaunar a Gaban Jirgi

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Ilu, masunci a Tiga. Ya rasu ranar wata Laraba bayan azahar, a ɗakinsa, bayan jinyar wata biyu. Mutumin da ya fara kira kafin ya cika ba ni ba ne. Sabo ya kira, mutumin da ya yi shekara shida a gidan yari saboda ya yi wa wata mata fyaɗe.

Ni ne Garba, babban ɗansa namiji. Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina ne yake rubuta mini wannan, na kuma ce masa abin da na faɗa shi zai sa, kada ya gyara mini zuciya.

Matar da Sabo ya yi wa haka sunanta Kande. Bazawara ce a lokacin, tana bandar kifi a bakin ruwa tana ciyar da 'ya'yanta uku. Sabo ya tare ta a hanyar itace da rana tsaka. Ba zan ƙara komai a kan wannan ba. Ta yi abin da mata kaɗan ne suke iya yi a wurinmu: ta faɗa, ta tsaya a gaban alƙali ta maimaita. Aka ɗaure shi.

Da ya gama wa'adinsa sai aka buɗe masa ƙofa kawai. Ba wanda ya rako shi, ba wanda ya aiko wa dagaci da takarda, ba wanda ya gaya wa Kande. Ɗaga kai ta yi daga kan murhu ta hango shi yana saukowa daga mota da ledar kayansa. A yammacin ranar samari suka taru a ƙofar dagaci da sanduna, ina cikinsu. Magana ɗaya ce a bakinmu, ya bar gari kafin rana ta faɗi.

Baba ya bari sai da kowa ya gaji da ihu, sannan ya ce, “Ranka ya daɗe, in mun kore shi ina zai je?”

Wani ya ce, “Ya je lahira ma, Malam, ina ruwanmu?”

“Ba lahira zai je ba. Kafin Maiyaki zai je, ko Ba'awa, inda ba wanda ya san shi. Matanmu sun san fuskarsa. Matan can fa?”

Dagaci ya ce to mene ne abin yi. Baba ya ce, “A ba ni shi.”

Wanda bai san sana'ar su ba ba zai gane abin da wannan maganar ta yi mini ba. Jirginmu kwale-kwale ne na mutum biyu. Ɗaya yana tsaye a gaba yana jefa birgi, wato ragar da ake watsawa da hannu, ɗaya yana zaune a baya da filafili yana tuƙi. A gidanmu uba ne a baya, ɗa a gaba. Haka kakana ya yi da Baba. Daga bayan nan ake nuna maka ruwa: inda karfasa take taruwa in dam ɗin Tiga ya cika, inda kututturan tsofaffin itatuwa suke a ƙasa suna jiran su yaga raga, irin iskar da in ta taso ba ka tsayawa gardama. Ba a koya wannan a kan tudu. Shekara takwas ina tsaye a gaban jirgin Baba. Washegarin taron nan da asuba na zo da birgina a kafaɗa, na tarar da Sabo a wurina.

Baba ya ce, “Ka bi jirgin kawunka.”

Iyakar bayanin da na samu ke nan.

Ya gindaya masa sharuɗɗa a gaban dagaci da liman. Ba zai taka ɓangaren da mata suke banda ba. Ba zai bi hanyar itace ba. Ba zai shiga kasuwa ba sai tare da Baba. Zai kwana a shagon ƙofar gidanmu, ba zai wuce zaure ba. Salla biyar a sahu ɗaya da Baba, kafaɗa da kafaɗa. Duk ranar Juma'a su je gaban dagaci, Baba ya faɗi abin da ya gani a makon, Sabo yana ji. Ba alƙali ne ya sa wannan ba. Ba kuma biyan Baba ake yi ba.

Yanzu, a 'yan kwanakin nan, ina jin masu magana a rediyo suna cewa zamani ya canza. Gidan yari ma ya koma gidan gyaran hali. Wai yanzu akwai rajista da ake rubuta sunayen masu irin laifin Sabo, don kada su ɓace cikin mutane. Wai ana so in an saki mutum a bi sawunsa, a hana shi wasu wurare da wasu ayyuka, jami'i ya riƙa zuwa yana duba shi, a kuma kai shi wurin likita ko mai ba da shawara. Ban san iyakar abin da ya iso ƙauye daga cikin wannan ba. Ni dai duk lokacin da na ji, dariya take zo mini mai ɗaci. Rabin abin da suke lissafawa da manyan kalmomi, wani tsoho mai warin kifi ya yi shi shekara tara da idonsa biyu. Kuma ni na biya, domin idon nan nawa ne aka ɗauke.

Na san yadda wannan maganar take a kunne. Ƙato da gemu yana kishi da wanda gari ya tsana. Ba wanda yake gaisawa da Sabo da hannu. Ba wanda ya ba shi mata. In ya zauna a benci sai a tashi. Amma daga asuba zuwa hantsi yana tare da ubana a tsakiyar ruwa, su biyu, ina hango su daga jirgin kawu. Ina ganin Baba yana nuna masa wani wuri da filafili. Ina ganin bakinsa yana motsi. Baba ba mai magana ba ne. Abin da ya gaya mini a shekara ba ya cika kwano. Me yake gaya wa wannan? Kowa yana ce wa dattijo Baba, na sani. Amma ranar da na ji Sabo ya ce “Baba, in ja?” sai da na ji kamar an taka mini wuya.

A shekara ta uku Sabo ya karya sharaɗi. An gan shi a gefen masu banda, ya ce wuta ya je ɗebowa. Bai taɓa kowa ba, bai yi wa kowa magana ba, amma Kande ta gan shi, ta yar da tire ta gudu gida. Allah ya yafe mini, murna na yi. Na ce yau za a kore shi, gobe ina gaban jirgi. Baba da kansa ya tasa ƙeyarsa zuwa wurin dagaci, ya ce a rubuta, in ya ƙara, shi zai kai shi hannun 'yan sanda da ƙafarsa. Sannan ya ɗauke shimfiɗarsa daga cikin gida ya koma zaure, inda yake ganin ƙofar shagon. Laifin da na zaci zai raba su, shi ya ƙara haɗa su.

A makon na tattara na tafi haƙar kuza a ƙasar Doguwa. Ban yi sallama ba.

Shekara huɗu na yi a can. A ta huɗun rami ya rufta da mu, mu biyar. Biyu muka fito. Na bar yatsu biyu na hannun hagu a ƙasa, ƙafata kuma har yau ba ta miƙe daidai ba. Aka kwantar da ni a wani asibiti a Tudun Wada, aka aika gida. Kwana uku ina kallon ƙofa. A rana ta huɗu Baba ya shigo. Ban gama jin daɗin ganinsa ba sai ga Sabo a bayansa, riƙe da langar farfesun tarwaɗa.

Na ce, “Baba, ko nan ma sai da shi?”

Ya ce, “In na bar shi, wa zan bar wa?”

Sabo ya durƙusa ya ce, “Sannu, Yaya Garba.” Ya girme ni da shekara biyar, amma Yaya ya ce. Na juya fuskata bango. Baba ya zauna a bakin gado ya ɗora hannunsa a kan bandejin ƙafata har la'asar. Sannan suka tashi, domin akwai ɗakin mata a asibitin, Baba kuma ba zai kwana da Sabo a irin wurin ba. Farfesun na ba na kusa da ni ya shanye.

Na dawo Tiga da sanda. Na zauna gyaran raga a kan tudu shekara biyu ina kallon jirgin nan yana fita yana dawowa. Sai ciwo ya kwantar da Baba.

Ranar Larabar ya ce a kira masa Sabo. Na tsaya a tsakar gida. Wannan ne karon farko da Sabo ya wuce zaure, sai da aka sa mata suka shige ɗaki. Ya daɗe a ciki. Da ya fito idonsa ja, ya ce, “Yana kiranka.” Na shiga na tarar da filafilin Baba a jingine da gado. Ya nuna mini shi da haɓa.

Na ce, “Baba, wurina gaba ne.”

Ya ce, “Gaba na wanda ake kallo ne. Na baya yana ganin hannunsa, yana ganin inda idonsa yake zuwa in an doshi gaɓa. Kai ban taɓa buƙatar in kalle ka ba, Garba.”

Ya ɗauka yabo ya yi mini. Wataƙila shi ne yabo mafi girma da ya taɓa yi wa wani. Ni kuwa kallon nake so. Ban gaya masa ba. Kafin la'asar ya cika.

Bayan sadakar bakwai na yanke shawara zan sayar da jirgin, Sabo ya san inda zai nufa. Kafin in yi, na je wurin Kande, domin na zaci ita ce mutum ɗaya a garin da za ta ce na yi daidai. Na same ta tana juya kifi a kan waya, hayaƙi ya cika wurin.

Ta ce, “Garba na Malam, an ce kishi ne yake cinka. Da ɗan fursuna? To me zai hana ka je ka yi shekara shida a can, ka dawo a ba ka gaban jirgi?”

Matan wurin suka kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba. Ta goge hannu a zane ta ce, “Ubanka sai da ya zo nan ya tambaye ni kafin ya buɗe baki a gaban dagaci. Na ce masa ban yafe ba, ba kuma zan yafe ba. Amma ina so duk safiya in ɗaga kai in ga jirgin can a tsakiyar ruwa, in san inda yake. Shekara tara ke nan ina barci. In ka sayar, ka zo ka gaya mini garin da ya tafi, in aika wa matan can.”

Ban sayar ba.

Da Baba yana nan ya ji abin da ake faɗa a rediyo, na san abin da zai ce. Maganar rajista zai gyaɗa kai, domin abin da ya faɗa a ƙofar dagaci ke nan. Maganar likita za ta yi masa daɗi. Ya sha cewa shi tsare Sabo yake yi, bai san maganin abin da yake cikin kansa ba, kuma hakan yana damunsa. Maganar jami'in da zai zo a kan babur sau ɗaya a wata ya sa hannu a takarda ya koma, zai tambaya, sauran kwanakin fa, wa yake baya? Akwai kuma tambayar da ni nake yi, ba shi ba. Mai laifi an tanadar masa mai duba shi, mai yi masa nasiha, mai yi masa magani. Kande fa? Shekara ashirin da biyu ba wanda ya zo daga ko'ina ya tambaye ta yaya jikinta, yaya zuciyarta. Ni da ita mun san wani abu ɗaya: wanda bai yi laifi ba, ba a waiwayarsa.

Mutane suna cewa Malam Ilu mutumin kirki ne, ya tausaya wa wanda kowa ya ƙi. Ba su san shi ba. Ban taɓa jin ya ce Sabo ya shiryu ba. Har ya mutu bai bar shi ya je kasuwa shi kaɗai ba. Abin da ya bari ba tausayi ba ne. Shekara goma sha shida ke nan tun da aka saki Sabo, ba wata mace a Tiga ko Kiru ko Bebeji da ta yi kuka da shi. Wannan ne gadon. Babu wanda zai iya nuna shi da yatsa, domin abu ne da bai faru ba. Na yarda ya fi jirgi, ya fi raga. Ban ce ya daina yi mini ciwo ba. Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya yafe mini.

Wani lokaci a tsakiyar ruwa Sabo yakan ce, “A nan Baba ya ce akwai kututture, Yaya Garba, karkata dama.” Sai in karkata. Abin da ubana ya sani na ruwan nan, daga bakin Sabo nake karɓarsa, kaɗan-kaɗan. Ban taɓa ce masa na gode ba.

Ina Tiga. Ina kwana a zaure. Kullum da asuba ina zaune a bayan jirgi da filafilin Baba a hannuna mai yatsu uku, Sabo yana tsaye a gabana, furfura ta cika masa ƙeya. In mun doshi gaɓa, Kande tana ɗaga kai daga kan murhu ta ƙirga mu, mu biyu, sannan ta koma kan kifinta.