Tsarabar Kawu a Taron Masana

Taron masana sinadarai ba abin da muka saba gani ba ne a Garwa. Yawunde ake yinsa ko Duwala, mu na arewa sai dai mu ga hotuna a waya, mutane sun sha kwat suna riƙe da kofin shayi. Shekarar da aka ce za a kawo mana shi har gida, a zauren wani otal da ke hanyar kogi, sai da na yi rawa ni kaɗai a ɗaki. Batun taron shi ne yadda za a yi aiki da sinadarai ba tare da an cutar da mutum ko ƙasa ba, kuma aikina ya faɗa ciki daidai.

A lokacin ina karatun digiri na uku, a kan kifin banda da ake kawowa daga tafkin Lagdo. Duk wanda ya taɓa ajiye banda ya san ƙwari ba sa raga masa. Kafin mota ta kai shi kudu sun rarake shi, sai fata da ƙaya. Saboda haka dillalai suke samun maganin feshin auduga, su sirka da ruwa, su yayyafa wa kwanduna kafin a ɗaure. Aikina shi ne in gano abin da ke saura a cikin tsokar kifin, in kuma gwada ko man 'ya'yan darbejiya zai iya korar ƙwarin a madadinsa. Sai dai na'urar ɗakin gwajinmu tsohuwa ce. Tana iya cewa akwai guba, amma in ka tambaye ta nawa sai ta fara kame-kame, kuma babu mujallar da za ta buga kame-kame. Na'urar da nake bukata tana hannun wata farfesa a wata jami'a ta arewacin Najeriya, sunanta kuwa na cikin masu zuwa taron.

Malamin da ke duba aikina ya ce min, "Ki yi bayani mai kyau, amma ki sani ainihin taro a wurin shan shayi ake yinsa. In kika bari ta hau mota ba ki kama ta ba, kin ƙara wa kanki shekara."

Abin da malamin bai sani ba shi ne wanda ya raine ni. Kawu yayan mahaifiyata ne, shi ya kwaso mu zuwa gidansa bayan rasuwar babana, kuma yana cikin manyan dillalan banda na garin nan. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Kwandunansa duk an shafa musu koren fenti a baki, duk ɗan kasuwa ya san su daga nesa. Da nake tara kifin gwaji na bi rumfuna na saya kamar kowa, kuma ban tsallake tasa ba, domin tsallakewar ƙarya ce. Sakamakon nasa ya fito kamar na sauran, bai fi ba, bai gaza ba. Na yi ta neman ranar da zan faɗa masa, ranar ta ƙi zuwa. Shi dai abin da ya sani Uwarsa tana karatun kifi har za ta zama dakta, yana faɗa wa abokansa suna dariya.

A cikin hotunan da zan nuna akwai guda ɗaya da kwalbar maganin ta fito a gefen kwanduna, da hoton ƙoƙon kan mutum a jikinta. Kwandunan masu koren baki ne. Na bar shi don babu wanda ya kai shi nuna abin ƙarara, na kuma ce wa kaina a cikin masu kwat babu wanda ya san ma'anar koren fenti.

Da safen ranar da zan yi magana ina tsaye a ƙofar zaure ina maimaita bayanina a zuci, sai na ji murya tana ciniki da matar da ke raba katin shiga da ake ratayawa a wuya. Tun kafin in juya na gane muryar. Kawu ne, ya sha farar babbar riga, turarensa ya riga shi shigowa, a gefen ƙafarsa ga wani kwali an ɗaure shi tam da igiya. Ashe mahaifiyata ce ta yi masa albishir.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Kawu, me ya fito da kai cikin wannan rana?"

"Uwata za ta yi magana gaban manya, ni ina rumfa ina korar ƙuda?"

"Ai duk da Faransanci ne da Turanci. Za ka gaji, abin ba ya ƙarewa da wuri."

Ya ce, "Ni ba ji na zo yi ba, gani na zo yi."

Matar katin ta ga furfura da babbar riga, ta ɗauka wani babba ne daga fada, ta ce masa useko, kalmar ladabi ta Fillanci, ta raka shi har layin gaba. Kwalin ta sa aka jingine a bayan zaure kusa da teburin shayi. Kujera ɗaya ce tsakaninsa da farfesar da na zo nema.

Wanda ya riga ni hawa wani malami ne daga Maruwa, yana bayani a kan yin gawayi da karan auduga don a rage sare itatuwa. Ya wuce lokacinsa, shugaban zama yana ta nuna masa agogo, ni kuwa ina roƙon Allah ya sa ya yi ta yi har la'asar. Na yi tunanin in cire hoton, amma tun jiya aka kwashe bayanan kowa aka zuba a kwamfutar da ke kan dandamali, gaban idon jama'a. Na koma fatan a ɗauke wuta. A Garwa wuta ba ta jin kunyar kowa, ranar biki ma tafiya take yi, amma a ranar ta zauna daram kamar an biya ta sadaki. Sanyin na'ura yana kaɗa labule, ni gumi yana bin bayana.

Aka kira ni. Na hau, aka miƙo min ɗan rimot ɗin canza hoto. Farkon bayanin ya tafi lafiya, domin na haddace shi kamar karatun allo: ga tafki, ga masunta, ga wuraren banda, ga ƙwarin da ɓarnarsu. Kawu yana gyaɗa kai a kowane hoto, har ya taɓa na kusa da shi ya nuna masa tarwaɗa. Ina magana ina jin hoton nan yana matsowa. Da na iso kansa babban yatsana ya tsaya a kan maɓalli. In na danna sau biyu da sauri zai wuce kafin ido ya kama shi. Amma duk abin da ke biye, a kansa ya dogara, ga farfesa ta gyara tabarau ta turo kai gaba, irin zaman wanda aka zo wurin da yake jira.

Na danna sau ɗaya.

Ban taɓa sanin majigi yana ƙara wa abu girma haka ba. Kwandunan suka cika bango, koren fentin ya yi shar, kwalbar ta kai tsawon mutum. Na yi bayanina ina kallon fankar sama. Na faɗi sunan maganin, na faɗi abin da yake yi wa hanta da jijiyoyi in an daɗe ana ci, na ce yara sun fi kowa shiga hatsari. Sai can na saci kallon layin gaba. Kawu ya daina gyaɗa kai. Ya tura hularsa baya kaɗan, ya dubi bango, ya dube ni, fuskarsa ba ta ce komai ba. Na san wannan fuskar, da ita yake sauraron mai saye in ya taya kaya da raini.

Yadda na ƙarasa batun darbejiya ban sani ba. Farfesa ta yi tambaya da Turanci, na amsa da nawa Turancin mai ɗingishi, ta ce za mu yi magana a waje. Aka tafa. Kawu ya fi kowa daɗewa yana tafi, kuma wannan ya fi tsorata ni fiye da a ce ya tashi ya fita.

A wurin shayi mutane suka yanyame farfesa, kowa da katinsa a hannu, kowa aikinsa ne zai ceci duniya. Na kutsa da kafaɗa, ladabi na ajiye shi gefe. Da na isa gabanta Turancin ya gudu ya bar ni, sai na ji bakina ya ce, "Sannu da zuwa, Farfesa, ya hanya?"

Ta zaro ido. "Au, 'yar gida ce? Shi ne kika bar ni ina fama da Faransanci tun jiya?"

Ta kama hannuna ta ja ni gefe. Ta ce aikin yana da kyau amma ƙafarsa ɗaya ce, sai an auna da na'urar kirki. Ta fara tambayata yadda nake adana samfur, ni kuwa zuciyata ta fara sauka. Sai na ji turare a bayana.

Kawu ne, rungume da kwalin da kansa, igiyar tana goge masa farar riga. Ya dire shi a gabanta, ya yi sallama. Da ya ji ta amsa da Hausa sai fuskarsa ta washe. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ya ce kakansa daga Kano ya zo da fatauci ya ga kogi ya ƙi komawa, ta ce to ai sun biyo bashin ɗansu. Yana dariya ya tsuguna ya kwance igiyar. Ƙamshin banda ya tashi ya danne na kofi, duk masu kwat suka waiwayo. Tarwaɗa ce manya-manya, baƙaƙe sidik, an jera su kamar kayan lefe.

Ya ce, "Hajiya, ga 'yar tsaraba. Ke ce za ki taimaki Uwata, an faɗa min. Ki kai wa yara su sha romo."

Farfesa ta dubi kwalin, ta dube ni. Yanzun nan ta gama kallon bangon nan. Amma dattijo ne ya tsuguna a gabanta da kyauta cikin mutane, kuma ita ma an yi mata tarbiyya. Na ga ta miƙa hannu biyu. Wataƙila da ta karɓa ta zubar a hanya, wataƙila kuma direbanta ya kai gidansa. Kalmar yara ce ta tsaya min a rai. Tunda nake ban taɓa katse Kawu ba, ko ruwa yake sha sai ya ajiye kofi nake magana. Na ɗora tafin hannuna a kan kwalin.

"Farfesa, kar ki kai wa yara."

Muryata ta fita fiye da yadda na so. Waɗanda ba sa jin Hausa ma sun juyo. Na tsaya ina jiran abin da zai biyo baya, ina ganin gidan da na tashi a ciki yana rufe min ƙofa.

Kawu ya miƙe a hankali yana kaɗe gwiwa. Ya yi 'yar dariya ta hanci.

"Cire hannunki, Uwata. Wannan na gida ne."

Ban gane ba, ya kuma ga ban gane ba.

"Ba a yayyafa masa komai ba, hayaƙi ne kawai da rana. Ni zan ba baƙuwarki na kasuwa? Ke tun kina rarrafe, kin taɓa cin na kwandon kasuwa a gidana?"

Da alfahari ya faɗe shi, yadda uba ke faɗin bai taɓa barin 'ya'yansa sun kwana da yunwa ba. Nan take na tuna kwandon da ke rataye a saman murhun gidanmu, wanda matarsa ke saukewa ta shanya a rana ta mayar. Duk rayuwata na ɗauka zaɓaɓɓu ne kawai aka ware mana don sun fi tsoka. Ashe shekarun da na yi ina ɓoye masa sakamakon gwajina, abin da ya riga ni sani nake ɓoyewa.

Farfesa ta yi ƙasa da murya ta ce, "Alhaji, na kasuwar fa, wa yake ci?"

Ya ce, "Hajiya, mota kwana take yi a hanya. In ban sa ba, ƙaya zan sauke a Yawunde. Kowa yana sawa. In Uwata ta samo abin da ya fi shi, a kawo, ni zan fara gwadawa." Sannan ya juyo gare ni, ya rage murya yadda ni kaɗai zan ji. "Amma da a gida kika nuna min hoton nan."

Bai jira amsa ba. Ya yi wa farfesa sallama, ya gyara rigarsa, ya fita ta tsakiyar mutane suna ba shi hanya.

Farfesa ta sa aka ɗauki kwalin. Ta ciro katinta ta rubuta lambar wayarta ta gida a baya, ta danƙa min. Ta ce, "Ki aiko min da iri biyun, na gidan da na kasuwar. A nan aikinki yake." Abin da na zo nema ke nan, na same shi har da ƙari, amma na riƙe katin ban ji wani daɗi ba.

Ban koma zaman yamma ba. Na hau moto, babur ɗin haya, na tafi gida, na shige ɗakin mahaifiyata na kwanta. Tun ina ƙarama, in aka kai wa Kawu abinci bayan magariba, sai ya ƙwala min kira ya gutsuro tsakiyar kifin ya ba ni. Ranar na kasa kunne ina jin an wuce da kwanonsa, ina jin ya wanke hannu, amma ban ji kiran ba. Na riga na sallama.

Sai na ji, "Uwata!"

Na fita na durƙusa a gefen tabarmarsa. Bai dube ni ba. Ya gutsuro tsakiyar tarwaɗa, wurin da babu ƙaya, ya sa a murfin kwano ya turo min. Na ci. Daɗinsa yana nan yadda na san shi, kuma wannan ne ya sa hawaye suka zubo min.

Ta bayan katanga ina jin maƙwabciyarmu tana kiran jikokinta su zo su ci tuwo tun miya da zafi. A rumfar Kawu take sayen kifi, kuma tun ina yarinya ni ake ba ƙunshin in miƙa mata.